Shafina ya kusa shekara amma ba ya fitowa a Google, ina matsalar take?

Maigyara ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar injin bincike.

Sana'ata gyaran waya da kwamfutar hannu. Shekara ta kusa zagayowa da na buɗe shafin intanet a kan WordPress, manhajar gina shafuka, ina rubuta abin da nake gani a kan teburin aikina: wayar da ta ƙi caji, batirin da ya kumbura, gilashin da ke taɓa kansa ba tare da an sa masa yatsa ba, kwamfutar da ke zafi har ta ɗauke. Ba don talla na buɗe shi ba. Na gaji ne da ganin an kawo mini waya an ce har an canza mata batir, alhali ƙura ce kawai ta toshe ramin caji. So nake mutum ya karanta ya gane matsalarsa kafin ya kashe kuɗinsa a banza.

To rubutu ya taru, amma masu karatu babu. Sai wanda na tura wa adireshin ta WhatsApp ne ke shiga. Idan na rubuta "gyaran waya" a Google, sai in bi shafi na ɗaya, na biyu, na uku, har in gaji ban ga nawa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasu daga cikin waɗanda ke sama, daga karanta su ka san marubucin bai taɓa buɗe bayan waya ba. Maganar da kowa ya sani ce suke ta jujjuyawa.

Cikin makon nan wani ya turo mini imel. Ya ce ya duba shafina ya ga makinsa na Domain Authority ya yi ƙasa sosai, kuma zai sayar mini da mahaɗai dubu, wato links da za su nuno shafina daga wasu shafuka, cikin wata guda in hau shafin farko. Ban ba shi amsa ba tukuna. Don Allah wannan hanya ce ta gaskiya? In ba ita ba ce, daga ina zan fara? Ni ba masanin rubuta manhaja ba ne, amma in an nuna mini abu ina iya bi.

Malam Buba ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Maigyara. Kada ka biya mutumin nan komai. Amma akwai abin da ya riga maganarsa, shi zan fara da shi.

Kai ma ba ka canza batir sai ka duba ramin caji, ko? To nan ma haka ne. Kafin ka tambayi dalilin da ya sa ba ka sama, ka fara tabbatarwa Google ya san da rubutunka. Aikin injin bincike hawa-hawa ne. Akwai manhajarsa mai yawo, Googlebot, wadda ke bin mahaɗai tana gano shafuka. In ta gano sai ta karanta, sannan a yanke hukunci ko za a ajiye shafin a kundin Google ko a bar shi. Sai abin da ya shiga kundi ne ake jerawa idan wani ya yi bincike. Rubutun da bai shiga kundi ba, ko mahaɗai nawa ka saya masa ba zai fito ba.

Gwajin farko ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ka rubuta site: a akwatin bincike, ka liƙa adireshin shafinka a bayansa ba tare da barin fili ba. Abin da ya fito shi ne kusan abin da Google ke riƙe da shi naka. Na ce kusan, domin ba cikakken lissafi ba ne. Cikakken yana Search Console, kayan aikin da ke nuna wa mai shafi yadda Google ke ganin shafinsa, kuma kyauta ne, na Google ne da kansa. A da Webmaster Tools ake ce masa, a 2015 suka canza suna. Ka yi rajista, ka tabbatar musu kai ne mai shafin, ka ba shi kwanaki kaɗan ya tara bayanai. Zai nuna maka shafukan da suka shiga kundi da waɗanda ba su shiga ba, kuma zai faɗi dalili a gaban kowanne.

Tunda WordPress kake amfani da shi, ka leƙa saitin karatu. Akwai wani ɗan akwati a can mai cewa a hana injunan bincike saka shafin a kundinsu. Masu gina shafi kan sa masa alama lokacin da suke aiki, wani lokaci a buɗe shafin alamar tana nan. In tana nan, kowane rubutu naka yana ɗauke da umarnin noindex, wato da bakinka kake ce wa Google ya wuce. Ka kuma buɗe fayil ɗin robots.txt, wanda ke faɗa wa injunan bincike inda aka hana su shiga, ka ga ba a toshe hanya gaba ɗaya ba. Bayan nan ka miƙa taswirar shafinka, wato jerin adiresoshin rubuce-rubucenka, a Search Console. Tun daga WordPress 5.5 na 2020 manhajar da kanta take samar da ita, sunanta wp-sitemap.xml, sai dai in ka ɗora wata ƙaramar manhaja mai yin tata.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci a wurina. Ka daina auna kanka da "gyaran waya". Ka tsaya ka yi tunani, wa ke rubuta waɗannan kalmomi biyu? Yawanci mutum ne mai neman mai gyara kusa da shi, shi ya sa Google ke cika saman da taswira da wuraren gyara. Ba karatu yake nema ba. Mai karatunka wani ne daban. Shi ne wanda ya jona waya cikin dare ya tashi da safe ya ga ba ta ƙaru ba, sai ya rubuta "wayata tana nuna caji amma ba ta ƙaruwa". Masu rubuta wannan ba su kai masu rubuta "gyaran waya" yawa ba, amma kowannensu kai yake nema, kuma manyan shafuka ba su cika sauka zuwa irin wannan tambaya su amsa ta da kyau ba. Nan ne kake da ƙarfi.

Saboda haka kowane rubutu ya ɗauki tambaya ɗaya. Take ya faɗi tambayar yadda mai matsalar zai faɗe ta, amsar kuma ta zo tun a sakin layi na farko, bayani ya biyo baya. Kada ka wahalar da kanka da maimaita kalma ɗaya sau goma cikin rubutu, zamanin wannan ya wuce. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya duba jerin kalmomin da ake cusawa a meta keywords, wani ɓoyayyen wuri a shafi da mai karatu ba ya gani, kuma a 2019 ya shigo da tsarin BERT don fahimtar jimla gaba ɗayanta, ba kalma-kalma ba.

Batun lokaci kuma, Google da kansa ya taɓa cewa irin wannan aiki kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Ka riƙe wannan ka gwada da wata gudan da aka yi maka alkawari.

Injiniya_K ya rubuta:

Malam Buba ya gama magana. Ni dai zan ƙara da ɓangaren sauri, don na san halin shafukan masu gyara: hotuna. Kana ɗaukar hoton cikin waya da kyamara mai kyau, ka ɗora shi yadda yake, hoto ɗaya ya kai megabait biyar ko fiye. Rubutu ɗaya mai hotuna takwas, ka lissafa da kanka. Mai karatu yana kan waya, wataƙila ma wayar aro ce tunda tasa ta lalace, ba zai tsaya jira ba.

Ka sa adireshin rubutu ɗaya a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, ka duba sakamakon waya, ba na kwamfuta ba. Google yanzu da fuskar waya yake karanta shafuka, ya sanar da kammala wannan sauyi a 2023. Ma'auni uku yake dubawa, Core Web Vitals. Babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. In an taɓa wani abu ya amsa cikin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wato milisakan 200, wannan ma'aunin a Maris 2024 ya maye gurbin na da. Sai na uku, kada rubutu ya riƙa tsalle yana gocewa yayin da hotuna ke buɗewa.

Maganin yawanci mai sauƙi ne. Ka rage girman hotuna kafin ka ɗora, ka mayar da su WebP, nau'in hoto mara nauyi, ka cire ƙananan manhajojin da ba ka amfani da su. Ka kuma tabbata adireshinka da https yake farawa. Tun 2014 Google ya ce yana la'akari da shi, kuma takardar shaidar tsaron da https ke buƙata kyauta ce daga Let's Encrypt, yawancin kamfanonin da ke ba shafi masauki danna maɓalli ɗaya ne.

Anti Talatu ta rubuta:

Injiniya, gaskiya ka faɗa, amma kada Maigyara ya ɗauka in ya ga koren maki a PageSpeed ya gama. Na ga mutane sun shafe makonni suna bin maki ɗari, rubutunsu na nan yadda yake. Sauri yana raba gardama ne tsakanin rubutu biyu da suka yi kusa da juna a inganci. Ba ya ɗaga rubutun da bai amsa tambaya ba. Ka gyara hotunan, aikin yini ɗaya ne, ka wuce.

Ƙanena Maigyara, ni kan mai sayar da mahaɗai zan tsaya, tunda shi ka fara tambaya. Maganarsa tana da tushe, shi ya sa take shiga kunne. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, abin da ya bambanta shi da sauran shi ne PageRank: in wani shafi ya sa mahaɗi zuwa naka, kamar ya ba da shaida a kanka ne, kuma shaidar shafin da shi ma ake yawan nunawa ta fi nauyi. Har gobe mahaɗai suna da tasiri. Amma da mutane suka gane haka sai aka buɗe kasuwarsu, aka riƙa gina dubban shafukan banza don kawai a sayar da mahaɗi. A Afrilu 2012 Google ya saki sabuntawar Penguin saboda wannan, shafuka da yawa suka faɗo. Ƙa'idarsa a rubuce take: sayen mahaɗi don a hau sama laifi ne, kuma in talla ce ka biya, sai a sa wa mahaɗin alamar sponsored ko nofollow, wanda ke nufin ba zai ɗaga ka ba. Abin da zai faru in ka saya ɗayan biyu ne. Ko Google ya yi watsi da su kuɗinka ya tafi, ko ma'aikatansa su hukunta shafin da hannu, ka ga sanarwa a Search Console, ka koma kana neman yadda za ka wanke kanka.

Shi kuwa Domain Authority da ya tsorata ka da shi, ba na Google ba ne. Wani kamfani ne mai suna Moz ya ƙirƙiro shi don hasashe. Google ba ya duba shi. Ana iya kumbura makin da mahaɗan banza, mai sayarwa ya nuna maka ya tashi, masu karatu kuwa ko ɗaya bai ƙaru ba.

Mahaɗin kirki daga inda ake amfana da kai yake zuwa. Wani ya yi tambaya a wani zaure, wani ya amsa masa da rubutunka saboda shi ne ya warware masa. Malamin da ke koyar da gyara ya tura ɗalibansa su karanta. Ba su da yawa, kuma a hankali suke zuwa, amma su ne ke tsayawa. Akwai kuma waɗanda ke hannunka yau, ba sai ka roƙi kowa ba: mahaɗan cikin gida. Rubutunka na batir ya nuna na caji, na caji ya nuna na zafi, da kalmomin da ke faɗin abin da za a tarar, ba "danna nan" ba. Rubutun da babu wani shafi naka da ke nuna shi, Googlebot ma da ƙyar yake kula shi.

Ka ce ranka na ɓaci da masu rubutun da ba su taɓa buɗe waya ba. Ni ma abin yana damuna, don mutane na lalata kayansu saboda irin wannan rubutu. To ka nuna bambancin a fili. Hotonka na ramin caji kafin a share da bayan an share. Abin da ka gwada da farko da dalilin fara shi. Inda mai karatu ya kamata ya tsaya ya kai wa gwani, musamman batirin da ya kumbura, wanda huda shi na iya tayar da wuta. Ka sa shafin da ke faɗin ko kai wane ne da daɗewarka a sana'ar. A Disamba 2022 Google ya ƙara gogewa ta kai tsaye cikin abubuwan da masu tantance ingancin sakamakonsa ke dubawa. Ba maki ba ne da za ka gani a wani wuri, amma yana nuna maka inda suka dosa, kuma wannan abu kana da shi, su ba su da shi.

Maigyara ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Malam Buba, Injiniya, Anti. Na goge imel ɗin.

Na dawo da abin da na gani. Akwatin hana injunan bincike babu alama a kansa, robots.txt ma lafiya. Na yi rajistar Search Console, na miƙa taswirar, na jira bayanai suka shigo. Wasu rubuce-rubucena suna kundi. Amma akwai jeri mai tsawo da aka ce an karanta su amma ba a saka su ba a yanzu. Da na bi jerin sai na ga kashi biyu ne. Akwai shafukan alamomi, wato tags, da WordPress ke samarwa da kansa, sai kuma gajerun rubutuna, yawancinsu kan caji: ɗaya kan igiya, ɗaya kan kan caja, ɗaya kan ƙura, kowanne bai fi sakin layi biyu ko uku ba.

Wani abu ya ba ni mamaki. Rubutun da na yi kan gargaɗin nan da wasu wayoyi ke nunawa cewa akwai danshi a ramin caji, alhali ba su taɓa ruwa ba, shi ne Google ke nuna wa mutane. Yana zaune a shafi na biyu, ana ganinsa amma masu dannawa kaɗan ne. Shi ne mafi tsawo a cikinsu, kuma da hotunan aikina na yi shi.

Malam, gajerun nan in goge su ne? Kuma me zan yi wa na danshin ya ƙarasa hawa?

Malam Buba ya rubuta:

Madalla. Yanzu muna magana a kan abin da ake gani, ba zato ba.

Shafukan alamomi ka manta da su. Jerin take ne kawai, rashin shigarsu kundi ba ya cutar da kai.

Gajerun kuma kada ka goge, ka haɗa su. Google ya karanta su ya ga kowanne shi kaɗai bai isa amsa ba, kuma suna kama da juna. Mutumin da wayarsa ta ƙi caji bai san ko igiya ce ko kan caja ne ko ƙura ba, abin da ya zo tambaya ke nan. Ka yi masa rubutu ɗaya cikakke da ke bin matakan yadda kake binsu a teburinka, daga mafi sauƙi zuwa wanda sai an buɗe wayar, kowane mataki da ƙaramin takensa. Sannan tsofaffin adiresoshin ka karkatar da su zuwa sabon da turawa ta 301, wadda ke shaida wa Google da mai karatu cewa rubutun ya koma can dindindin. Akwai ƙananan manhajojin WordPress da ke yin wannan ba tare da ka rubuta komai ba. Amma in tambaya daban ce da gaske, kamar batirin da ya kumbura, ka bar ta da shafinta ka faɗaɗa ta.

Na danshin shi ne abin da zan fi ba lokaci da ni ne. A rahoton aiki na Search Console ka zaɓi wannan rubutu shi kaɗai, ka karanta ainihin jimlolin da mutane suka rubuta har ya fito musu. Za ka tarar da tambayoyin da ba ka amsa ba: tsawon lokacin da za a jira kafin a sake jonawa, ko za a iya caji ta wata hanya kafin nan, abin da za a yi in gargaɗin ya ƙi tafiya. Duk wadda ka san amsarta daga aikinka, ka ƙara ta. Ka duba taken ma, ya zama da kalmomin da suka fi maimaitawa, kuma abin da ya fi muhimmanci ya zo a farkonsa, don dogon take ana yanke ƙarshensa a kan waya. Ka sa mahaɗi zuwa gare shi daga sabon rubutun caji da kuma shafinka na farko.

Ƙarancin dannawa kada ya dame ka yanzu. Mutane kaɗan ne ke wuce shafin farko. Kuma tun 2024 Google ya fara sa taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman wasu sakamako, wadda ke gamsar da mai tambaya mai sauƙi tun bai danna komai ba. Wannan ma dalili ne na ka karkata ga matsalolin da sai an ga hoto an bi mataki.

In ka gama gyara kowane rubutu, ka sa adireshinsa a akwatin duba adireshi na Search Console ka nemi a sake karanta shi. Sau ɗaya ya isa, maimaitawa ba ta sa a yi sauri. Ka yi rajista da Bing Webmaster Tools ma, takwaransa na injin binciken Bing, yana iya ɗauko bayananka kai tsaye daga Search Console. Ka rubuta ranar da ka yi kowane gyara a wani wuri, domin Search Console yana ajiye bayanan wata 16, kuma yana ba ka damar gwada wata uku da wata ukun da suka gabace su. Da wannan za ka duba, ba da sakamakon kowace safiya ba, wanda ke hawa da sauka ko ba ka taɓa komai ba. In ka haɗa na cajin, ka kawo mana takensa da sakin layinsa na farko mu duba tare kafin ka wallafa.